Kafin alƙalami bai mayar da kayan naka ba

Alhaji, na duba takardun da ka aiko. Ka biya wani kamfani a birnin Shenzhen na China rabin kuɗin hannayen wasan gem, lokacin turo kaya ya wuce, suna kukan tsadar ƙwaƙwalwar na'ura, ga raɗe-raɗin kamfanin zai durƙushe. Kana ganin tunda ka biya, kayan da ke sitonsu naka ne.

A nan ne gyara yake. Bisa abin da na gani, kuma sai dai in akwai wata takarda da ba ka nuna mini ba, ba a ware kaya da sunanka ba. Saboda haka a idon doka kai mai bin bashi ne, bashin kuma marar jingina. Dokar karyewar kamfanoni ta China, wadda ta fara aiki a 2007, ta sa masu jingina su fara ɗiba daga abin da aka jinginar musu. Ragowar a biya kuɗin shari'ar, sai albashin ma'aikata, sai haraji, sannan irinku. Galibi abin da ke isowa ƙarshen layi kaɗan ne. Kamfanin Mad Catz, mai ƙera hannayen wasan gem, ya fi wannan girma nesa ba kusa ba, amma kayan wasan gem ɗin Rock Band 4 suka yi masa kwantai, a 2017 ya karye. Mai ƙera irin waɗannan kaya yana zuba jari tun kafin ya san kasuwa za ta karɓa, shi ya sa faɗuwarsu ke zuwa ba sallama.

Batun kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, ban ba ka shawara ba. Kasa cika alkawari daban, zamba daban, ban kuma ga alamar zamba ba tukuna. Ko ka yi nasara a kotun Kano, zartar da hukuncin a China abu ne mai wuya da tsada. In yarjejeniyarku ta ambaci sasanci a gaban wata hukuma kamar CIETAC, mai yanke rigingimun kasuwanci a China ba tare da zuwa kotu ba, to hanyar ke nan, Najeriya da China duk suna cikin Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ta tanadi zartar da irin wannan hukuncin sasanci a ƙasashen da ke cikinta. Amma ita ma hanyar tana iya cin abin da ya kusa kai kuɗin da kake bi.

Ni abin da nake gani, a nemi sulhu yanzu tun kamfanin yana numfashi. Yadda suke amsa saƙo da "ka ƙara haƙuri" kawai bai gamsar da ni ba, sai an matsa musu a rubuce. Ka nemi su turo kaya daidai kuɗin da ka biya, ko su mayar kashi-kashi da ranaku. Kada ka ƙara musu ko sisi kafin nan. Ka sani kuma, kuɗin da aka biya mutum ɗaya dab da karyewa, wanda kotu ta naɗa ya kula da dukiyar kamfanin yana iya neman a dawo da shi, don haka ko sulhun ba tabbas ba ne.

In kotu ta karɓi batun karyewar, za ta sanar da wa'adin shigar da bashi, tsakanin kwana 30 zuwa wata 3. Wannan aikin, lauya a can China ne zai yi maka shi. Aiko mini da shaidar turin kuɗin daga banki da duk saƙonninku na WeChat.