Ɗana yana son shiga cibiyar zane da wasan kwaikwayo, in bar shi?

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai shekara 15 ya nace sai ya shiga cibiyar koyon zane da wasan kwaikwayo ta unguwarku, ke kuma kina tsoron kada ta raba shi da karatu.

Ni dai shawarata ki bar shi. A birni, ɗaya daga cikin lokutan da suka fi haɗari ga matashi shi ne tsakanin tashi daga makaranta da dawowar iyaye gida, kuma wannan gurbin cibiyar take cikewa: ga babba mai sa ido, ga abokan da aiki ya haɗa su. Na ga yaron da ba ya iya haɗa ido da mutum, bayan 'yan watanni sai ga shi gaban jama'a yana zuba maganganun da ya haddace, muryarsa ko rawa ba ta yi. Wanda zane ya lalace masa sau biyar ya sake, ya koyi haƙurin da zai amfane shi har a lissafi. A wasu ƙasashe ma ana irin wannan: a Venezuela, shirin El Sistema da José Antonio Abreu ya kafa a 1975 ya koya wa yaran unguwannin talakawa kiɗa kyauta.

Amma ki taka da ƙafarki ki ga wurin. Su wa ke koyarwa? Ana keɓewa da yaro shi kaɗai? Ƙarfe nawa ake tashi? Ku tsayar da lokacin aikin makaranta tun farko, kuma kada ki riƙa tambayarsa yaushe zanen zai kawo kuɗi, hakan na kashe gwiwa.

Idan kuwa kin lura ya daina barci ko cin abinci, ko yana yawan keɓe kansa, wannan ya wuce cibiya, ki kai shi wurin likita.