Saƙa don masu jinyar ciwon daji: amsoshin tambayoyinku

Wasiƙun wannan makon sun fito ne daga mutanen da wani nasu ya fara shan maganin ciwon daji, suke son su saƙa masa wani abu da hannunsu ko su saya masa, amma suna tsoron kada abin ya zame masa wahala. Na zaɓi guda biyar, na taƙaita su.

Tambaya ta farko: Assalamu alaikum, Malama. Yayata za ta fara karɓar maganin kemoterafi nan da mako biyu, kuma likita ya ce gashin kanta zai zube. Ina son in saƙa mata hula, sai dai na rasa wane zare zan saya tsakanin ulu da auduga da akrilik, wato zaren roba. Mai sayarwa ya ce ulu ya fi daraja. Ko in ɗauke shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba Yaya lafiya. Mai sayarwa bai yi miki ƙarya ba game da darajar ulu, amma kan da gashi ya zube daga gare shi ba irin kan da aka saba saƙa wa hula ba ne. Maganin kemoterafi yana kai hari ga ƙwayoyin jiki masu saurin rarrabuwa, kuma tushen gashi yana cikinsu, shi ya sa gashin kan fara zubewa bayan mako 2 zuwa 4 da karɓar maganin farko, idan maganin yana cikin masu zubar da gashi, domin ba duka ke yin haka ba. A wannan lokacin fatar kai kan yi tsami da ƙaiƙayi, har wasu majinyata kan ce matashin kai ma yana damunsu. Ulun tumaki, ko da mai laushi ne a tafin hannu, yana da ƙananan gasu da ke sukar fatar da ba ta da kariya, kuma zaren da ke tashi da gashi-gashi, irin na akuyar mohe ko na zomon angora, ya fi kowanne muni domin yana zubewa ya shiga ido da hanci.

Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure. Na saƙa wa wata gwaggona hula da ulu mafi tsada da na samu, ta karɓa ta sa mini albarka, amma ban taɓa ganinta a kanta ba, sai bayan watanni 'yarta ta gaya mini cewa minti biyar ba ta iya yi da ita saboda ƙaiƙayi, kuma kunya ta hana ta faɗa mini. Tun daga ranar na daina gwada zare da yatsu. Yatsu sun saba da aiki, ba sa jin abin da fata mai rauni ke ji, don haka ki ɗora zaren a wuyanki ko a cikin damtsenki, ki goga shi a hankali na ɗan lokaci. Idan kin ji ko da ɗan tsikari ne, ki ajiye shi.

Abin da nake ba ki shawara ki saya shi ne auduga mai laushi, ko wadda aka gauraya da zaren gora, ko wadda aka gauraya da akrilik. Auduga tana shan gumi, kuma wannan yana da muhimmanci domin wasu magungunan kan sa zafi ya taso wa mace farat ɗaya ta jiƙe da zufa. Aibinta shi ne idan ita kaɗai ce ba ta komawa yadda take bayan ta buɗe, hular sai ta saki bayan 'yan makonni, abin da gaurayen akrilik ke gyarawa. Akrilik zalla mai laushi, irin wanda ake yi wa jarirai kaya da shi, yana wankuwa cikin sauƙi kuma ba ya sakin launi, sai dai yana riƙe zafi, saboda haka ya fi dacewa da hular fita lokacin sanyi. Ki duba takardar da ke naɗe da zaren ki tabbatar an rubuta cewa ana iya wanke shi a inji, domin wanda ke fama da jinya ba shi da ƙarfin wankin lallaɓa.

Game da yawa, giram 100 na zare matsakaicin kauri ya ishi hular babba, har ya yi saura. Kewayen kan babban mutum yakan kama daga santimita 54 zuwa 58, amma idan gashi ya zube yakan ragu, kuma hula tana bukatar ta gaza kewayen kan da kamar santimita 3 zuwa 5 don ta zauna daram ba tare da ta matse ba. Ki yi amfani da kibiyar saƙa mai zagaye, ta milimita 4, domin hular ta fito ba ɗinki, tunda layin ɗinki da ƙullin zare su ne ke fara cin fata. Saƙar ta zama a haɗe, babu ramukan ado da za su nuna fatar kai, kuma zurfinta ya sauko ya rufe kunnuwa da ƙeya. Idan kina da lokaci ki yi biyu, ɗaya ta rana, ɗaya kuma siririya marar kowane ado ta barci, domin da dare ne kan da ba gashi ya fi jin sanyi.

Tambaya ta biyu: Malama, ni namiji ne, ban iya saƙa ba. Mahaifina yana karɓar magani saboda ciwon daji na hanji, kuma kullum yana kukan cewa sanyi na sukar yatsunsa kamar allura. Me ya kamata in saya masa, ko in ba wata ta saƙa?

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba sauƙi, ya saka maka da alheri. Abu na farko shi ne ka tabbatar ya gaya wa likitansa wannan kukan, domin alama ce da likitoci ke bibiya, kuma wani lokaci sukan rage yawan maganin saboda ita. Wasu magungunan suna taɓa jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga yatsun hannu da na ƙafa. Oksaliplatin, wanda ake yawan bayarwa a ciwon daji na hanji, an san shi da sa mutum ya kasa jure sanyi na wasu kwanaki bayan kowane zagaye, har taɓa ƙarfe ko ɗauko abu daga firji ya zama ciwo. Don haka safar hannu cikakkiya, mai rufe yatsu duka, za ta fi masa amfani a kan mai buɗaɗɗun yatsu, ko da yake ita ta biyun ta fi daɗin riƙe waya.

Sai safar ƙafa, kuma a nan na fi son ka saya a kan ka ba da saƙa. Wanda tafin ƙafarsa ya yi nauyi ba ya jin ƙasa sosai, kuma safar saƙa tana da santsi a kan tayil ko siminti mai sulɓi, alhali faɗuwa babban haɗari ne ga wanda magani ya raunana. Ka nemi mai ɗigon roba a tafinta, wadda bakinta ba ya shaƙe ƙwauri. Idan kana son abin hannu, ka ba da a saƙa masa ƙaramin bargon cinya, kamar mita ɗaya da ɗan ɗoriya a tsayi, wanda zai riƙa tafiya da shi asibiti. Zaman ƙarin ruwan maganin yakan ɗauki sa'o'i, ɗakunan kuma sau da yawa akwai sanyin na'ura. Kada a yi masa geza ko manyan ramuka, don kada su sarƙe da robar ƙarin ruwa.

Tambaya ta uku: Malama, an cire wa ƙanwata mama ɗaya saboda sankara. An nuna mana na roba da ake sawa a cikin rigar mama, sai kuma na ji ana saƙa irinsa da zare. Wanne ya fi?

Amsa: Allah ya ba ta lafiya mai ɗorewa. Kowanne yana da lokacinsa. Na roba, wato na silikon, yana da nauyi kusa da na jiki, yana zama da kyau a ƙarƙashin tufafi, kuma nauyin nasa yana taimaka wa wasu matan su ji jikinsu ya daidaita, amma yana tara zafi da gumi, kuma galibi ba a fara sa shi sai wurin aikin ya warke, abin da kan ɗauki kimanin mako 6 zuwa 8. Na saƙa ana yin sa da auduga mai laushi, a cusa masa zaren cikon matashi, a bar ɗan ƙaramin baki a bayansa ta yadda mai shi za ta ƙara ko ta rage cikon har ya yi daidai da ɗaya gefen. Ba shi da nauyi, iska tana ratsa shi, ana cire cikon a wanke shi, kuma yana shiga rigar mama ta yau da kullum. Wata ƙungiya a Amurka mai suna Knitted Knockers ta yi fice wajen yaɗa wannan saƙa, tana raba tsarin yin ta kyauta, kuma masu saƙa a ƙasashe da dama sun ɗauka.

Ra'ayina shi ne ki saƙa mata biyu ko uku yanzu, a jinkirta sayen na silikon har kumburi ya saɓe a san girman da ya dace, domin wanda aka saya da wuri sau da yawa ba ya dacewa daga baya. Kada ta ɗora komai a kan wurin sai nas ko likita ya ce ya warke. Idan za a yi mata radiyoterafi, wato gasa wurin ciwon da hasken na'ura, fatar wurin kan yi laushi kamar ta ƙuna, don haka ta sake tambaya kafin ta ci gaba da sa shi. Idan kuma an cire mata kaluluwar hammata, hannun wannan gefen yana iya kumbura, saboda haka duk rigar sanyi ko safar hannun da za ki saƙa mata kada ta kasance mai matse damtse ko wuyan hannu.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon ki: ki tambaye ta tukuna, ku biyu kaɗai. Wasu matan suna ɗokin samun abin da zai mayar musu da surarsu, wasu kuma sun zaɓi su zauna haka, kuma idan aka miƙa musu irin wannan kyauta ba shawara sai su ji kamar ana gaya musu cewa akwai abin da ya kamata su ɓoye.

Tambaya ta huɗu: Mu mata goma ne da muke haɗuwa muna saƙa, muna son mu kai gudummawa sashen masu ciwon daji na wani asibiti. Da me za mu fara?

Amsa: Allah ya karɓi niyyarku. Ku fara da zuwa wurin shugabar ma'aikatan jinya ta sashen kafin ku sayi ko da dunƙulen zare ɗaya, domin asibitoci suna da dokokinsu kan abin da ke shiga ɗakin majinyata, kuma ita ce ta san abin da ya yi ƙaranci. Sau da yawa hulunan mata kan yi yawa, a rasa na maza da na matasa, ko a rasa ƙananan abubuwa irin ɗan matashin da ake maƙala wa bel ɗin mota don kada ya danne na'urar ba da magani da ake dasa wa wasu a ƙarƙashin fatar ƙirji.

Tsabta ita ce babbar magana a aikinku. Kemoterafi yana rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, kuma sukan fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an karɓi maganin, lokacin da ƙaramar cuta ke iya kwantar da mutum. Duk wadda ke mura ko tari a cikinku ta ajiye saƙa har ta warke. Ku wanke kowane abu bayan an gama shi da sabulu marar ƙamshi, ku bar shi ya bushe ƙaƙas, sannan ku sa shi a ledarsa shi kaɗai ku rufe. Kada turare ko hayaƙi ko gashin dabba su kusance shi, domin magani kan sa hanci ya yi kaifi, ƙamshin da kuke ganin karramawa ne yana iya tayar wa majinyaci da zuciya har ya yi amai. A jikin kowace leda ku rubuta girman abin, da irin zaren, da yadda ake wanke shi. Ku kuma sayi zare iri ɗaya da kuka gwada kuka yarda da shi, maimakon kowace ta kawo ragowar da ta daɗe a ajiye.

Tambaya ta biyar: Malama, dole ne hular mai sankarar mama ta zama ruwan hoda, tunda shi ne launin da aka san cutar da shi?

Amsa: Ba dole ba ne ko kaɗan, 'yata. Ruwan hoda launin wayar da kai ne, musamman a watan Oktoba, kuma akwai masu jinya da ke sa shi da alfahari, amma da yawa ba sa son abin da ke kansu ya sanar da kowa halin da suke ciki. Ki duba launin tufafin da ta fi yawan sawa tun kafin ciwon ya same ta, ki zaɓi wanda zai shiga da su, ko ki ɗauki hoton zare uku ki tura mata ta nuna miki. Launin rawaya da kore mai haske kan ƙara fito da koɗewar fuska, don haka idan ta bar miki zaɓi ki karkata ga masu ɗan duhu, kamar shuɗi ko ruwan ƙasa ko ja mai duhu. Ki wanke ɗan guntun zaren da farin ƙyalle kafin ki fara, domin idan yana zuba, gumi zai sauke launin a kan fatarta da matashinta.