Ku Tambaya Mu Amsa: Wane Haske Ne Mabiya Hindu Suke Nema a Daren Diwali?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun haɗa magunguna a birnin Pune na ƙasar Indiya. Bara, a lokacin bikin Diwali, na tsaya a bakin tagar ɗakina ina kallon yadda unguwarmu ta cika da ƙananan fitilu, ga kuma ƙarar wasan wuta har dare ya raba. Da na yaba wa wata abokiyar karatuna kyawun abin, sai ta ce mini fitilun da na gani na waje ne kawai, ainihin bikin shi ne mutum ya kunna ta cikin zuciyarsa. Nauyi ya hana ni tambayarta abin da take nufi. Don Allah wane haske ne wannan, kuma me ya haɗa shi da kaskon mai da lagwani? Daga wata 'yarku a Pune.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba da sa'ar karatu. Abokiyarki ba daga kanta ta ƙago wannan magana ba, domin tana da tushe a cikin littattafan addininsu, kuma zan kawo miki ita yadda su masu abin suke faɗinta.

Sunan bikin ya samo asali ne daga kalmar Dipawali ta harshen Sanskirit, wadda ke nufin jerin fitilu. Kwana 5 ake yi ana shagalinsa, amma babban darensa shi ne na uku, wato daren da wata yake ɓuya gaba ɗaya, wanda kan faɗo tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Nuwamba bisa lissafin watanninsu. Ki lura da wannan zaɓi da kyau, domin ba a daren farin wata suke kunna fitilun ba, a dare mafi duhu suke kunna su. Ita kuwa fitilar da suke kira diya, ɗan kasko ne na yumɓu wanda bai wuce tafin hannu ba, a zuba masa man shanu ko man riɗi, a murza auduga a yi lagwani. Na taɓa ganin wata dattijuwa tana shirya su. Sai da ta jiƙa sababbin kasaken a ruwa ta shanya su don kada yumɓun ya shanye man, sannan ta zauna tana murza audugar a tsakanin tafukanta ɗaya bayan ɗaya. Da magariba ta yi, ashana ɗaya kacal ta ƙyasta. Daga fitilar farko ta kunna ta biyu, jikokinta suka riƙa ɗauka suna kunna saura, har gidan ya kewaye da haske, fitilar farko kuwa tana nan tana ci ba ta ragu da komai ba. Malamansu sukan kafa misali da wannan idan suna magana a kan ilimi, cewa bayar da shi ba ya rage wa mai shi.

Labarin da aka fi dangantawa da bikin a arewacin Indiya shi ne na Rama, ɗan sarkin Ayodhya kuma ɗaya daga cikin ababen bautarsu, wanda ke cikin littafin Ramayana. An kore shi daga birnin Ayodhya ya yi shekara 14 a daji tare da matarsa Sita da ƙanensa Lakshmana, sarkin Lanka mai suna Rawana ya sace Sita, Rama ya yaƙe shi ya kuɓutar da ita. Nasarar yaƙin tana da nata bikin daban, wato Dasara, wanda ake yi kimanin kwana 20 kafin Diwali. Abin da ake tunawa a Diwali shi ne dawowa gida, lokacin da mutanen Ayodhya suka jera fitilu don su haskaka wa wanda suka daɗe suna jira hanya. Masu wa'azinsu kan ce birnin nan zuciyar mutum ce, wadda gaskiya ta yi ƙaura daga cikinta, kuma sai an share an haskaka kafin ta dawo. Wani abin da ya daɗe yana jan hankalina shi ne, a cikin labarin ba a nuna Rawana a matsayin jahili ba. Masani ne wanda ya ƙoshi da karatu, girman kai da son zuciya ne suka kai shi ƙasa. Ke nan duhun da suke magana a kansa yana iya zama a ƙirjin mai tarin littattafai. A kudancin ƙasar kuma an fi tuna nasarar abin bautarsu Kirishna a kan wani azzalumin sarki mai suna Narakasura, a yankin Bengal kuwa daren na bautar wata allahiyarsu ce mai suna Kali.

Amsar tambayarki kai tsaye tana cikin wani tsohon littafinsu da ake kira Birihadaranyaka Upanishad, inda aka kawo muhawara tsakanin Sarki Janaka da wani malami mai suna Yajnabalkiya. Sarkin ya tambaye shi da wane haske mutum yake rayuwa. Malamin ya ce da hasken rana, domin da shi yake zama, yake fita, yake aiki, yake komowa. Sarki ya ce to idan rana ta faɗi fa? Ya ce sai wata. Idan wata ma ya faɗi? Ya ce sai wuta. Idan wutar ta mutu? Ya ce sai murya, domin ko a cikin duhun da mutum ba ya ganin tafin hannunsa, idan ya ji an yi magana yakan nufi wajen. Sarki bai ƙyale shi ba, ya ce idan rana ta faɗi, wata ya faɗi, wuta ta mutu, murya ta yi shiru, me ya rage? Malamin ya ce a nan kansa ne haskensa. Wannan kan da yake nufi shi suke kira atman, wato ainihin mutum wanda yake sane da duk abin da ke faruwa gare shi, wanda a aƙidarsu ba ya tsufa kuma ba ya mutuwa. A wajensu babban duhu shi ne mutum ya ɗauka jikinsa da dukiyarsa da sunansa su ne shi, ya mance da wancan ainihin. Daga wannan littafin ne kuma aka ɗauko addu'ar da za ki ji ana yawan karantawa a lokacin bikin, mai roƙon a fitar da mutum daga ƙarya zuwa gaskiya, daga duhu zuwa haske, daga mutuwa zuwa rashin mutuwa.

Littafin Bagawad Gita ya ƙara wani misali a babi na 6, inda ya kwatanta zuciyar wanda ya hori kansa da fitilar da aka ajiye a wurin da babu iska, harshenta a miƙe ba ya rawa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar fitila mai lagwani ya ratsa tsakar gida yana kāre ta da tafin hannu ya san abin da ake nufi. Shi ya sa wasu daga cikinsu, bayan an gama hidimar gida, sukan zauna shiru a gaban fitila guda suna kallon harshenta har tunaninsu ya lafa.

A ganina, inda wannan magana take yin nauyi shi ne a ayyukan da suke kewaye da daren. Tun ana saura makonni suke share gida lungu da saƙo, a fitar da tarkacen shekara, a yi sabon fenti, saboda sun yi imani Lakshmi, wadda suke ɗauka a matsayin allahiyar arziki, ba ta shiga gida mai ƙazanta. A jihar Maharashtra da kike zaune, za ki ga mutane sun tashi tun kafin asuba a rana ta biyu sun shafe jiki da mai sun yi wanka na musamman. 'Yan kasuwa, musamman na jihar Gujarat, suna rufe tsofaffin littattafan lissafi su buɗe sababbi, ana ƙoƙarin biyan bashi, ana kai wa maƙwabta kayan zaƙi, waɗanda suka yi gaba kuma sukan sami hanyar shiryawa. Rana ta biyar ta 'yan'uwa ce, inda mace ke karɓar ɗan'uwanta ta yi masa addu'ar tsawon rai. Mutumin da ya biya bashin da ya daɗe yana ɓoye wa mai shi, ko ya taka ya je gidan ɗan'uwan da suka shekara ba sa magana, ya fi kusa da abin da abokiyarki take nufi fiye da wanda ya cika rufin gidansa da ƙwayayen lantarki.

Su kansu Indiyawa suna wannan muhawara a tsakaninsu. Hayaƙin wasan wuta yana haɗuwa da na ƙona karan gona ya turnuƙe birnin Delhi a wannan lokaci, har a shekarar 2018 Kotun Ƙolin ƙasar ta taƙaita harba shi zuwa awa biyu, daga ƙarfe 8 zuwa 10 na dare. A Ayodhya kuma an kunna fitilu sama da miliyan 2 da rabi a bakin kogin Sarayu a shekarar 2024. Abin kallo ne ba shakka, amma ni dai fitilar dattijuwar nan ta fi tsaya mini a rai.

Ki sani aƙidar atman ta sha bamban da abin da Musulmi ya yi imani da shi game da ruhi da Mahaliccinsa, kuma hukuncin halartar wurin bautarsu magana ce da za ki kai wa malaman fiƙihu. Fahimtar abin da maƙwabcinki yake nufi kuwa ba ta rage miki komai. Idan bikin ya zagayo, ki ajiye nauyin nan ki tambayi abokiyarki abin da ita take yi a daren bayan baƙi sun watse.

TAMBAYA: Malam, na ga hoton wurin ibadar mabiya addinin Sikh na birnin Amritsar an ƙawata shi da fitilu a ranar Diwali. Ashe ba na Hindu kaɗai ba ne? Daga wani mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Ba nasu kaɗai ba ne, ɗan'uwa, sai dai kowa da dalilinsa. Mabiya addinin Jain suna tuna daren da babban malaminsu Mahabira ya bar duniya a Pawapuri, cikin jihar Bihar ta yau, wanda a lissafinsu ya faru a shekara ta 527 kafin Miladiyya. Ruwayarsu ta ce sarakunan da suka hallara sun kunna fitilu ne da cewa tun da hasken ilimi ya tafi, bari a kunna na zahiri a madadinsa. Su kuwa Sikh suna kiran ranar Bandi Chhor Diwas, wato ranar sakin fursunoni, don tunawa da fitowar shugabansu na shida, Guru Hargobind, daga kurkukun ganuwar Gwaliyo a zamanin Jahangir, sarkin daular Mughal ta Indiya. Yadda suke ba da labarin, ya ƙi fita sai tare da 'ya'yan sarakuna 52 da ke tsare a wurin. Aka ce masa duk wanda ya iya riƙe rigarsa ya bi shi, bisa zaton mutum biyu ko uku ne za su sami wurin kamawa. Sai ya sa aka ɗinka masa alkyabba mai igiya 52, kowane fursuna ya kama ɗaya, suka fito tare, kuma da ya isa Amritsar mutanen garin suka tarye shi da fitilu.