Yini ɗaya a Ɗa'ifa da tsohuwa mai ciwon gwiwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Mahaifiyata ta zo umara daga Katsina, saura kwana biyar ta koma. Tun tana gida take cewa sai ta ga Ɗa'ifa, garin da aka jefi Manzon Allah (SAW). Maigidana yini ɗaya kawai zai samu daga wurin aiki, ita kuma gwiwa ta matsa mata. Yini ɗaya zai ishe mu? Daga 'yarka a Shari'a Mansur, Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka, a gaishe min da Hajiya. Zai ishe ku, muddin ba ku ce sai kun ga komai ba.

Ku fita da an sallame asuba, ku bi hanyar Hada. Tafiyar ba ta kai awa biyu, amma hawa ne tiryan-tiryan, mota tana ta nannaɗe dutse kwana bayan kwana, har ku kai tudun da ya haura mita 1,800. Kada Hajiya ta cika ciki kafin ku tashi, ki kuma riƙe mata lemon tsami. Ki ɗauko mayafi mai kauri. Na san za ki yi dariya, kina Makka gumi na tsiyaya, amma can sama iska ce mai ratsa ƙashi, ga hazo. In hazon ya yi yawa ko an yi ruwa akan rufe hanyar, sai ku zaga ta Sail.

Ki ja kunnen yara kan birai. Ranar da na kai yayata, na tsaya gefen titi na sauke gilashi don ta kalli kwarin, kafin in ce kwabo wani ƙato ya zuro hannu ya fizge ledar burodin da ke cinyarta. Ya koma kan katanga yana ci yana kallonta. Har muka dawo tana Allah ya isa.

In kun shiga gari ku wuce unguwar Masna kai tsaye, tun ƙafarta na da ƙarfi, don wannan ne ya kawo ta. A shekara ta 10 da aiko shi, bayan rasuwar Nana Khadija da Abu Ɗalib, Annabi (SAW) ya zo wajen Saƙifawa, ƙabilar garin, tare da Zaidu ɗan Harisa. Suka ƙi shi, suka sa yara da wawayen gari jifansa har ƙafafunsa suka yi jini. Ya fake a gonar Utba da Shaiba, 'ya'yan Rabi'a, bawansu Addas, Kirista mutumin Ninawa, ya kawo masa inabi. A wannan yanki ne ƙaramin masallacin da ake kira da sunan Addas yake. Wuri ne da ba shi da wani ado, kuma kada ki gaggauta ta. Yayata da ke ta faɗa da biri, nan ta yi tsit, ta zauna kusan rabin awa hawaye na zuba, ban ce mata uffan ba.

Azahar ku yi ta a Masallacin Abdullahi ɗan Abbas, wanda ya rasu a garin a shekara ta 68 bayan hijira. Tsohuwar kasuwa na nan kusa. Ki zaunar da ita, ke ki shiga ki sayo tsaraba: ruwan wardi, zuma, da rumman in lokacinsa ne. Furen wardin kansa sai wajen Maris da Afrilu ake tsinkarsa. Abincin rana ku nemi salig, shinkafa ce da madara da kaza, mai laushi, daidai bakin tsofaffi.

Fadar Shubra ku kalle ta daga mota. Tsaunin Shafa da lilon telefirik, wato motar da ke rataye da igiya a sama, ku bar su sai wani zuwan, gwiwa ba ta son haɗama.

In tana da niyyar ƙara umara, ta taho da shirinta, don mikati na kan hanyarku: Wadi Muhrim ta Hada, Ƙarnul Manazil ta Sail. Ku sauko kafin magariba, maigidanki zai fi jin daɗin kwana-kwanar hanyar nan da sauran haske.