Likita ya ƙi gaya mini sakamakon gwajin mai neman 'yata

Alhaji, ka ce kai ne waliyyi, amma likita ya ƙi faɗa maka abin da gwajin jinin saurayin 'yarka ya nuna. Likitan bai raina ka ba, amana ya riƙe. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta hana ma'aikacin asibiti fitar da bayanin majiyyaci sai shi majiyyacin ya amince a rubuce, ko kotu ta umarta, ko wata doka ta tilasta, ko kuma ɓoyewar ta zama babbar barazana ga lafiyar jama'a. Likitan da ya saki baki, hukumar MDCN, mai kula da aikin likitoci a Najeriya, na iya ladabtar da shi.

Kuma ka duba, ranar da aka ji cewa wane yana da ƙanjamau daga bakin likita, labarin ya kai majalisar ƙofar gida kafin magariba, wa zai ƙara yarda a ɗebi jininsa? Mutane sai su koma sayen takardar bogi, 'ya'yanmu ne kuma za su kwana a ciki.

Haƙƙinka bai faɗi ba fa. A Kano ma, tun 2024 doka ta wajabta gwajin kafin ɗaurin aure. Ka kira yaron, ka ce ya kawo sakamakon da hannunsa, ko su je da yarinyar a yi musu bayani tare. In ya fara kame-kame, ka dakatar da maganar sa rana.