Tambayoyin Masu Karatu: Ƙauyen Lacock na Ingila

Tambaya: Ɗana da ke karatu a Ingila ya turo mini hotunan wani ƙauye mai suna Lacock, sai na ga gidajensa duk tsofaffi ne, ko turken lantarki babu a titi. Shin talauci ne ya hana su sabunta gine-ginen, kuma da gaske akwai mutane a ciki? Daga wani mai karatu a Agege, Legas.

Amsa: Alhaji, ba talauci ba ne, da gangan aka bar ƙauyen a haka. Lacock yana gundumar Wiltshire, kimanin mil 3 kudu da garin Chippenham, kuma tun shekarar 1944 kusan dukkan gidajensa suke hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da kayan tarihi, bayan da mai mallakarsu, Matilda Talbot, ta ba ta su kyauta. Yawancin mazauna haya suke yi, kuma doka ta hana taɓa fasalin ginin da aka yi wa rajistar tarihi sai da izinin hukuma. Lantarki kuwa akwai shi, wayoyin ne aka ɓoye don kada su ɓata fuskar titi.

Babban abin da ke jawo baƙi shi ne gidan ibadar mata Kiristoci da Ela, uwargidan sarautar Salisbury, ta kafa a 1232, wanda aka mayar gidan zama bayan Sarki Henry na Takwas ya rufe irin waɗannan gidaje. A cikinsa ne William Henry Fox Talbot, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ɗaukar hoto, ya ɗauki hoton wata taga a 1835, kuma wannan 'yar takarda da ba ta kai tafin hannu ba ita ce negetif (wato asalin hoton da ake wanke wasu daga gare shi) mafi daɗewa da ya rage a duniya. Akwai kuma katafaren rumbun ƙarni na 14, inda ake tara ushirin amfanin gona a da. Mu da muka ga yadda aka rushe tsohon ginin Ilojo Bar a tsibirin Legas a 2016, duk da yana cikin jerin kayan tarihin ƙasa, abin ya isa ya ba mu kunya.

Ababen more rayuwa kuma daidai ƙauye suke: makarantar firamare, coci, gidan burodi, wuraren cin abinci da motar haya zuwa Chippenham, inda tashar jirgin ƙasa zuwa Landan take. Babu masallaci a ƙauyen, don haka idan kun kai wa yaron ziyara, sai ku riƙe dardumarku.