Fiɗiyar zakaru da bunsuru: kada a bari a taɓa su da reza

Tambaya: Likita, ina da zakaru takwas a gida nan Tawa, kullum faɗa, da bunsuru ɗan wata tara da ya ishe mu da wari. Wani a unguwarmu ya ce zai fiɗiye su duka da reza, ya shafa baƙin mai. To amma ragon maƙwabciyata da ya yi wa haka bara, bayan sati biyu ya sandare ya mutu. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Hajiya, gara da ya ƙi kwanciya. Zancen zakaru ki ajiye shi gefe. Marainan zakara a cikin ciki suke, manne da ƙashin baya kusa da ƙoda, ga manyan jijiyoyin jini a jikinsu. Sai an tsaga tsakanin haƙarƙari biyu na ƙarshe kafin a kai gare su, kuma ana yi ne tun yana ɗan tsako, kafin ya fara cara. Naki sun wuce nan. Ki bar ɗaya, ya ishi kaji goma, sauran ki kai kasuwa ko ki yanka.

Bunsurun kuwa ba ya bukatar a zubar masa da jini. Akwai ƙarfen dandaƙa, Burdizzo, da ake matse igiyar kowane maraini daban, ba a yanka fata. Zai ɗan kumbura kwana kaɗan, cikin makonni marainan su tsotse, ya zama taure. Zoben roba da ake ɗaure maraina da shi kuwa na 'ya'yan awakin da ba su wuce kwana bakwai da haihuwa ba ne. Ɗaure babban bunsuru da robar tayar keke azaba ce da ruɓa.

Abin da ya kashe ragon nan, bisa yadda kika faɗa, alamun tetanos ne, ciwon da ke sandarar da jiki. Ƙwayar cutar tana zaune a ƙasa da kashin dabbobi, ta fi son rauni mai zurfi da iska ba ta shiga. Mai reza zai kayar da dabba a tsakiyar turke, ya yanka da hannun da bai ga sabulu ba, sannan ya cusa toka ko kashin shanu ko baƙin man mota. Wato ya zuba cutar, ya kuma rufe mata ƙofa. Baƙin mai dattin inji ne, yana ƙona nama, ba ya kashe wannan ƙwaya. Ban san sau nawa zan faɗa ba! Kuma da yake ciwon yakan ɗauki sati ɗaya zuwa uku kafin ya bayyana, ba wanda ke waiwayar mai rezar. Rago ya ƙame, muƙamuƙi ya kulle, ƙafafu sun miƙe, sai a ce iskoki ne, ko baki ya kama shi. Mai rezar kuwa ya karɓi kuɗinsa, yana gida na gaba yana cewa a hannun kakansa ya gada. Idan muƙamuƙi ya riga ya kulle, da wuya mu ceto dabba.

Ki kai bunsurun ma'aikatar kiwo da sanyin safiya, a dandaƙe shi, ki tambayi allurar rigakafin tetanos. In ba matsi, ki bari damina ta wuce saboda ƙuda. Bayan haka ki rage masa dusa, ki yawaita harawa da ruwa, don taure da ke cin dusa zalla tsakuwa kan toshe masa fitsari.